Inji a Bayan Direba: Abin da McLaren F1 Ta Samu da Abin da Ta Biya

Mafi yawan motocin da muka saba da su, tun daga Peugeot 504 ta Kaduna har zuwa Corolla da Camry, injinsu a gaba yake, ƙarƙashin bonet. Akwai hikima a hakan: iska tana bugun lagireto kai tsaye, bakanike yana kai hannu ko'ina ba wahala, sauran wurin duka kuma na mutane ne da kayansu. Volkswagen Beetle da aka riƙa harhaɗawa a Legas a shekarun 1970 ita can ƙurya ta kai nata, bayan tayoyin baya, kuma har gobe Porsche 911 a kan wannan tsari take. Akwai tsari na uku, wanda motocin tsere da manyan motocin gudu na Lamborghini, McLaren, Bugatti da yawancin na Ferrari suka rungume: a girke injin tsakanin tayoyin gaba da na baya, daf da bayan kujerar direba. McLaren F1, motar da wannan rubutu zai fi tsayawa a kanta, a kan wannan tsari na uku take.

Wanda bai san kan abin ba zai zaci ƙarfi ake nema. Matsar da inji daga gaba zuwa tsakiya ba ya ƙara masa ƙarfin doki ko ɗaya. Nauyi ake sake wa mazauni. Inji da giyabos su ne suka fi komai nauyi a jikin mota, kuma duk abin da mota za ta yi a kan titi, tashi ne ko tsayawa ko shan kwana, ta wuri huɗu take yin sa, wato ɗan filin da kowace taya ke taɓa kwalta. Tayar da aka danne da nauyi tana kama ƙasa, wadda aka sauke wa nauyi kuwa sai santsi. Saboda haka tambayar injiniya ita ce: a daidai lokacin da ake buƙatar wata taya ta yi aiki, nauyi nawa ne a kanta?

Idan direba ya taka totur, nauyi baya yake zubowa. Duk wanda ya taɓa jin bayansa ya manne da kujera ya san haka. A motar da tayoyin baya ke turawa alhali injin yana gaba, rabin nauyi ko fiye yana zaune a kan tayoyin da ba sa tura komai, don haka in ƙarfi ya yi yawa sai na baya su yi ta murzawa a wuri ɗaya suna hayaƙi. In aka kawo injin tsakiya, wajen kashi 58 zuwa 60 cikin 100 na nauyin kan koma baya tun motar tana tsaye. Kamfanin Chevrolet na Amurka ya ba da hujja mai kyau a kan wannan. Tun 1953 motarsu Corvette injinta yana gaba, har ta kai ga samfurin ZR1 mai ƙarfin doki 755. A 2019 suka fito da sabuwa mai inji a tsakiya, ƙarfinta 495 kacal, amma daga tsaye zuwa gudun mil 60 a awa ita ma ba ta cika daƙiƙa 3 ba, kusan kunnen doki da waccan. Bambancin doki 260 ne, wurin zaman inji ya cike shi.

A wajen birki abin juyawa yake yi, nauyi ya kwararo gaba. Motar da dama can gabanta ya yi nauyi sai ta dungura hanci, tayoyin gaba su ɗauki kusan duk aikin, na baya su zama 'yan rakiya. Mai inji a tsakiya kuwa, da yake ta fara da rarar nauyi a baya, in an taka birki sai rabon ya matso daidai, tayoyi huɗun su yi aikin tare.

Amma babbar ribar a kwana take. Ɗan ga-ruwa mai sanda a kafaɗa, garwa ɗaya a wannan baki ɗaya a wancan, ba ya iya juyawa farat ɗaya. Sai ya bi a sannu, in kuma ya fara juyin, garewanin ba sa son tsayawa. Da zai rungume su biyun a ƙirji, nauyin yana nan yadda yake, amma juyi ya zama nan take. Motar da aka tara nauyinta a tsakiya haka take, da an taɓa sitiyari ta amsa. Hancinta ba shi da nauyi, don haka tayoyin gaba ba su da wani aiki sai nuna hanya.

To, wannan saurin amsawar shi ne kuma masifar. Motar da ke saurin juyawa in ka so, tana saurin juyawa in ba ka so ba. A ce direba ya shiga kwana da gudun da ya wuce kima, gabansa ya faɗi, ya ɗage ƙafa daga totur. Nan take nauyi ya gudu gaba, tayoyin baya su yi sakayau, bayan motar mai ɗauke da inji ya fara zamewa waje. Mota mai inji a gaba takan ba ka ɗan lokaci, ka ji bayan yana tafiya a hankali ka gyara. Wannan kafin ka ankara ta yi katantanwa. Toyota ta gamu da irin wannan ƙorafi a kan ƙaramar motarta MR2 samfuri na biyu, har ta sake fasalin ƙafafun bayanta a farkon shekarun 1990. Duk tarihin irin waɗannan motoci ƙoƙari ne na cin ribar farko ba tare da faɗawa wannan rami ba.

A fagen tsere aka fara gane ribar. Motocin Auto Union na Jamus da Ferdinand Porsche ya zana a shekarun 1930 injinsu a bayan direba yake, kuma sun yi suna wajen wuyar riƙo. Ƙaramin kamfanin Cooper na Ingila ne ya tabbatar da tsarin: Stirling Moss ya ci tseren Ajantina da motarsu a 1958, Jack Brabham ya zama zakaran Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, a 1959 da 1960. Ana danganta wa Enzo Ferrari cewa doki jan amalanke yake yi, ba turawa ba, amma a 1961 shi ma motarsa mai inji a bayan direba ce ta ci kambun, Phil Hill yana tuƙi. A motocin sayarwa kuwa ya daɗe yana ja da baya, yana ganin attajirin da ba ɗan tsere ba ba zai iya da irin wannan mota ba. In aka dubi abin da idon basira, bai yi ƙarya ba.

Maƙwabcinsa mai ƙera tarakta, Ferruccio Lamborghini, shi ya riga shi. Wasu samarin injiniyoyinsa uku, Gian Paolo Dallara da Paolo Stanzani da Bob Wallace, ba wanda ya cika shekara 30 a cikinsu, suka ɗauki inji mai silinda 12 na lita 3.9 suka kwantar da shi a gicciye bayan kujeru don kada motar ta yi tsawo. A baje kolin Turin na 1965 ƙashin motar kawai aka nuna, ba bodi, amma mutane suka fara neman saye. A Janiba a 1966 aka ga Miura cikakkiya, da bodin da Marcello Gandini na kamfanin Bertone ya zana. Kyakkyawa ce ta ƙin ƙarawa, kuma cike take da aibi. Inji da giyabos baƙin mai ɗaya suke sha. Tankin fetur a gaba yake, don haka mai yana raguwa hanci yana ƙara sauƙi, a babban gudu kuma iska ta shiga ƙarƙashi ta nemi ɗaga shi. Zafi da ƙarar inji kuwa suna bayan ƙeyar direba, gilashi kawai ya raba su.

Daga Miura aka fara ganin jerin bashin da wannan tsari ke ɗora wa mota. Na farko zafi. Inji yana wurin da iska ba ta isa da kanta. In ka sa lagireto a gaba, dole ka ja bututun ruwan zafi su ratsa ƙarƙashin mutane, kuma abin da ya sa ake gumi a cikin Ferrari Berlinetta Boxer ta 1973 ke nan. In ka mai da shi gefe, kamar yadda aka yi wa Testarossa a 1984, sai motar ta buɗe ta kusa mita 2 a faɗi. Waɗannan manyan kafofin da ake gani a kwiɓin irin motocin nan ba ado ba ne, numfashi ne. Ko a 2010 sai da Ferrari ta janye samfurin 458 Italia don gyara, saboda wani gam da aka yi amfani da shi a rumfar tayar baya yana kama wuta in zafin salansa ya yi masa yawa. Sai ganin baya, wanda kusan babu shi. Masu Lamborghini Countach sukan ɗaga ƙofa su zauna a kan dokinta suna waiwaye in za su yi ribas. Sai gyara: a Ferrari F355, canza bel ɗin da ke juya bawul yana nufin a sauke injin gaba ɗaya.

Akwai wani bashin da ba a cika magana a kansa ba, kuma shi ya fi ba ni sha'awa. Da yake inji ya cinye tsakiyar mota, dole a tura mutane gaba, har ƙafafunsu su shiga tsakanin tayoyin gaba. Rumfar taya mai faɗi ta shigo cikin ɗakin, sai a rasa inda za a sa totur da birki da kuloci in ba a karkatar da su zuwa tsakiya ba. Direba yana zaune ƙirjinsa yana kallon gaba, ƙafafunsa sun karkace gefe. Ka biya kuɗin gida guda, ka zauna a karkace.

Honda NSX ta 1990, mai bodin alminiyom, ta nuna cewa za a iya yin mota irin wannan da ke tashi kullum ba gardama, direba yana ganin hanya, na'urar sanyaya ɗaki tana aiki. Fitaccen direban tsere Ayrton Senna ya gwada ta a filin tseren Suzuka na Japan ya ce jikinta bai yi tauri ba, aka ƙara mata. Cikin waɗanda NSX ta burge akwai Gordon Murray, haifaffen Durban a Afirka ta Kudu, wanda ya zana motocin tseren kamfanin Brabham kafin ya koma McLaren.

A 1988 McLaren ta ci tsere 15 cikin 16 na kakar Formula 1. Guda ɗayan da ya kufce mata shi ne na Italiya, kuma a filin jirgin Linate na Milan, suna jiran jirgi bayan wannan tsere, Murray da shugabannin kamfanin, Ron Dennis da Mansour Ojjeh da Creighton Brown, suka fara maganar ƙera motar titi. Abin da ya fito a Monako a watan Mayun 1992 shi ne McLaren F1, kuma a ganina har yau ba a yi motar da ta amsa tambayoyin wannan tsari da tsabta kamarta ba.

A fara da kujera. Murray ya sa direba a tsakiyar mota, fasinja biyu a hagu da dama, sun ɗan ja baya. Da wannan shawara guda ya warware abubuwa da yawa. Ƙafafun direba suna miƙewa sak tsakanin rumfunan tayoyi biyu, ba karkacewa. Nauyinsa yana kan layin tsakiya, ba ya rinjayar gefe. Yana ganin kusurwar hagu da ta dama daidai wa daida. Kafaɗun mutum uku ba su jeru a layi ɗaya ba, don haka motar ba ta buɗe ba: faɗinta mita 1.82, tsawonta bai kai mita 4.3 ba, tsayinta mita 1.14. Tankin fetur yana bayan direba, kusa da cibiyar nauyi, ta yadda cike yake ko saura kaɗan, halin motar ba ya canzawa, abin da Miura ta kasa. Kaya kuma a wasu aljifai biyu ake sa su a kwiɓin motar, gaban tayoyin baya, su ma a tsakiya. Farashin wannan dabara shi ne shiga. Ƙofar tana ɗagawa sama da gaba, sai ka zauna a gefen kujerar fasinja, ka ɗaga ƙafafu ka tsallaka, ka zame zuwa tsakiya. Mai babbar riga sai ya tattare ta tukuna.

Sai nauyi, wanda shi ne ainihin yaƙin Murray. Ya sa wa kansa iyakar kilo 1,000. Dalilinsa shi ne nauyi yana haifar nauyi: mota mai nauyi tana buƙatar babban birki, babban birki yana buƙatar babbar taya, babbar taya tana sa sitiyari tauri har sai an sa masa famfon taimako, duk waɗannan kuma ƙarin nauyi ne da zai buƙaci ƙarin inji da ƙarin mai. In ka karya zagayen daga farko, komai sai ya ƙanƙance tare. Ƙashin motar da zaren kabon, wani abu mai ƙarfi mara nauyi, aka yi shi dunƙule guda, fasahar da McLaren ta shigo da ita tseren Formula 1 a 1981 ta hannun John Barnard, kuma F1 tana sahun farko na motocin titi da aka gina haka. Wilin magniziyom ne. Sifanonin da ke zuwa da motar na titaniyom ne. Har na'urar kiɗan, Kenwood aka sa ta ƙera mara nauyi musamman. Duk da haka bai cimma burin ba, a kilo 1,138 aka tsaya.

Injin ma da sharaɗi ya zo. Murray ya ƙi turbo, wato abin da ke cusa wa inji ƙarin iska don ya ƙara ƙarfi, domin na wancan zamani yakan yi jinkiri sannan ya kawo ƙarfi a dunƙule, kuma a motar da bayanta ke saurin zamewa, ƙarfin da ya zo ba sallama a tsakiyar kwana haɗari ne. Yana son abin da ƙafa ta nema shi taya za ta samu, a lokacin da ta nema. Ya tuntuɓi Honda ba a daidaita ba, sai Paul Rosche na BMW ya karɓi aikin. An nemi doki 550 a injin da bai wuce kilo 250 ba. Rosche ya kawo mai silinda 12 na lita 6.1, nauyinsa kilo 266, ƙarfinsa 627. Kowace silinda da maƙogwaron iskarta. Baƙin mai ba a kwanon ƙarƙashin inji yake kwana ba, a wani tanki daban yake ana tura shi da famfo. Amfanin hakan biyu ne: injin yana iya sauka ƙasa sosai, kuma a kwana mai tsanani man ba ya taruwa gefe guda ya bar inji a bushe. Zafin da wannan inji ke fitarwa zai iya lalata zaren kabon, shi ya sa aka lulluɓe ɗakin injin da fallen zinare, wajen giram 16 a kowace mota. Mutane sukan ɗauka fankama ce, alhali zinare yana cikin abubuwan da suka fi mai da zafi baya, kuma ana iya buga shi ya yi siriri har nauyinsa ya zama ba komai ba.

A wajen iska, F1 ba ta da ƙaton fiffike a baya. Fiffike yana danne mota ƙasa, amma yana ja mata baya. Murray, da Peter Stevens wanda ya zana bodin, sun fi dogara da ƙarƙashin motar, inda aka tsara hanyar iska ta yadda za ta wuce da sauri ta tsotso motar zuwa kwalta, da wasu fankoki biyu na lantarki da ke taimakawa. Murray tsohon hannu ne a nan: motarsa Brabham mai fanka a baya ta ci tseren Suwidin a 1978, Niki Lauda yana tuƙi, daga shi ba ta sake shiga tseren gasar ba. Akwai kuma wani ɗan marfi a wutsiyar F1 da ke ɗagawa da kansa in an taka birki da ƙarfi, yana danne bayan motar a daidai lokacin da nauyi ke gudu gaba, wato lokacin da ta fi son ƙwacewa.

Abin da Murray ya ƙi sawa ya kusa kai abin da ya sa yawa. Ba famfon sitiyari, ba abin da ke taimaka wa ƙafa wajen birki, ba na'urar hana taya kullewa, ba kwamfutar hana zamewa. Giya shida ce ta hannu.

Sakamakon ya wuce abin da aka nufa. Ba don tsere aka yi motar ba, masu saye ne suka matsa aka fitar da samfurin tsere mai suna GTR. A tseren awa 24 na Le Mans a Faransa a 1995, cikin ruwan sama, motocin GTR ne suka zo ta ɗaya da ta uku da ta huɗu da ta biyar, Yannick Dalmas da JJ Lehto da Masanori Sekiya ne suka tuƙa wadda ta ci. Abin dariyar shi ne dokar tseren ta sa an shaƙe injin, don haka motar da ta ci Le Mans ba ta kai ta titi ƙarfi ba. A watan Maris na 1998 kuma, a filin gwaji na Ehra-Lessien a Jamus, direba Andy Wallace ya tuƙa F1 har ya kai matsakaicin kilomita 386.4 a awa zuwa da dawowa, bayan an ɗaga iyakar juyin injin.

Don a gane girman wannan adadi, sai a san yadda iska ke cin ƙarfi. In ka ninka gudu sau biyu, turjiyar iska tana ninkuwa sau huɗu, ƙarfin injin da ake buƙata kuma sau takwas. Shi ya sa kilomita 20 na ƙarshe suka fi 200 na farko tsada. Bugatti Veyron da ta zo a 2005 ta kai kilomita 407, amma sai da ta nemi silinda 16, lita 8, turbo 4, doki 1,001, lagireto wajen 10, tayoyi huɗu duka suna turawa, da nauyin da ya doshi kilo 1,900. In ka raba ƙarfi da nauyi, kowane tan na McLaren yana da doki wajen 550, na Veyron wajen 530. Veyron gagarumin aiki ne, ba mai musu, amma ta bi ta ƙofar da Murray ya rufe: kowace matsala ta taso, a ƙara mata ƙarfe.

Kada a ɗauka F1 ba ta da aibi. Birkinta yana son ƙafa mai ƙarfi, kuma an gwada na kabon ba a samu ya yi aiki yadda ake so a kan titi ba, aka koma ƙarfe. Fitilunta ba su kai gudunta ba, na'urar sanyaya ɗakin ma haka, Murray da kansa ya yarda da wannan daga baya. Tankinta jaka ce irin ta motar tsere da dole a riƙa canzawa bayan 'yan shekaru. Kuma ramin nan na katantanwa yana nan buɗe, ba kwamfutar da za ta tare ka. Ɗan wasan barkwancin nan na Ingila, Rowan Atkinson, wanda muka fi sani da Mr Bean, sau biyu yana haɗari da tasa, na 2011 ya ci gyaran da ya haura fam 900,000. A kasuwa ma ba ta yi abin da aka so ba. Ta fito lokacin da tattalin arziki ya ja baya, farashinta ya haura rabin fam miliyan, guda 106 kawai aka ƙera har da na gwaji da na tsere, 64 ne na titi zalla. Ƙarancin ne yanzu ya zama arziki ga masu ita, don a 2021 an sayar da ɗaya a gwanjo a Kalifoniya a kan sama da dala miliyan 20.

Motocin yau wata hanya suka bi, kuma Ferrari 296 GTB ta 2021 ta isa misali. Silinda 6 ne kawai, lita 3, an buɗe layukan silindar biyu sosai har digiri 120 aka cusa turbo biyu a tsakaninsu, abin da ya sa injin ya gajarta ya kuma kwanta ƙasa. Jinkirin turbo da Murray ya guda, an toshe shi da injin lantarki da aka saka tsakanin inji da giyabos, wanda ke ba da ƙarfi nan take kafin turbo ya farka. Jimilla doki 830 ne, daga tsaye zuwa kilomita 100 a daƙiƙa 2.9, kuma tana iya tafiyar kilomita 25 da batir kaɗai shiru. Batirin yana ƙasa bayan kujeru, shi ma a tsakiya. Na'urori suna auna motsin motar ta kowace fuska sau da yawa a daƙiƙa, da bayanta ya fara zamewa sai kwamfuta ta rage ƙarfi ko ta taɓa birkin taya ɗaya tun direba bai ji komai ba. Nauyinta ba mai ba ruwa kilo 1,470.

Masu kewar zamanin da sukan ce kwamfuta ta ƙwace tuƙi daga hannun mutum. Ban yarda da su gaba ɗaya ba. Damuwar da Enzo Ferrari ya nuna a shekarun 1960 gaskiya ce, yawancin masu kuɗin sayen irin motar nan ba su da hannun riƙe ta, kuma kwamfuta ce ta sa suke komawa gida lafiya. Wani ɓangare na ƙarin nauyin ma doka ce ta kawo shi, ta fuskar kariya a haɗari da rage hayaƙi. Inda nake tare da su shi ne kwamfuta tana ɓoye nauyi ne kawai, ba ta kawar da shi. Ƙarin kilo 300 da wani abu da 296 GTB ta fi F1 yana nan, tayoyi da birki ne ke biyan kuɗinsa a kowace kwana. Mai irin wannan mota a Abuja ko Legas kuma yana da nasa lissafin daban, na tudun rage gudu da ke goge hancin mota, da man da bai kai darajar da injin ke so ba, da ƙurar hunturu da waɗannan kafofin gefe ke zuƙa.

Murray bai sauya ra'ayi ba. A 2020, da kamfaninsa na kansa, ya nuna T.50, wadda guda 100 kawai aka tsara ƙerawa. Direba yana tsakiya, giya shida ce ta hannu, ba turbo, da fanka mai faɗin santimita 40 a wutsiya tana tsotsar iska daga ƙarƙashi. Wannan karon ya yarda da na'urar hana taya kullewa da ta hana zamewa, ya samu birkin kabon da ya gagare shi a 1992, ya gyara fitilu da sanyin ɗaki. Injin kamfanin Cosworth ne mai silinda 12, yana juyi har sau 12,100 a minti, nauyinsa kilo 178, wato ya fi na BMW sauƙi da kilo 88. Motar duka ba ta cika tan 1 ba, iyakar da ya sa wa F1 ta gagare shi, kuma ya ce tun farko bai sa mata wani burin gudu da za ta karya ba.